Ranar da na sa aka ɗaure mini ƙafa a likkafa

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A tsakiyar shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan ƙaramin jiki mai yawan cika baki, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina hayar ɗaki a Nasarawa. Daga duwatsun Filato na zo Kaduna, kuma ban zo da komai na taƙama ba sai abu ɗaya: na iya doki. A garinmu ba a zaunar da yaro a koya masa hawa, tashi yake ya tsinci kansa a bayan ƙuru, irin gajerun dawakin nan namu, ba sirdi, ba likkafa, sai igiya a hanci. Da cinya muke riƙe doki, da cinya muke juya shi, in kuma ya yi tuntuɓe sai mu zame ta gefe mu dira a kan ƙafafunmu. Ni a ganina a lokacin, duk mai neman sirdi kafin ya hau doki kujera yake so, ba hawa ba.

Akwai wani Alhaji da ke da barga a bayan Makera, ranar Lahadi da yamma ana fito da dawakinsa kilisa zuwa wani fili a gaban Narayi, lokacin wurin duk gonaki ne da gidajen da ake kan ginawa. In na taso daga coci na ci abinci, can nake zuwa kallo, ina yi wa mahayan dariya a fili. Wata rana aka gaji da bakina aka ce in zo in gwada. Na sa aka cire sirdin, na haye, na zaga filin a guje na dawo. Alhajin ya kira ni ya ce jikina ba nauyi, zuciyata kuma ba tsoro, irina ake nema a sukuwa. Ya ce akwai gasa bayan damina, in na iya hawan sirdi kafin nan, ni zan hau masa babban dokinsa. Nan take ya damƙa ni a hannun mai horar masa da mahaya, wani dattijo daga Tudun Wada, tsohon ɗan sandan doki, wanda kowa ke kira Baba. Mutum ne marar yawan magana, mai tsabta, har ƙasan kofato yake dubawa kafin ya bari a hau.

Da farko abin ya zo mini kamar wasa. Na koyi ɗaura sirdi, na koyi riƙe linzami ba tare da na ji wa doki ciwo a baki ba, na iya tafiya da sassarfa. Baba har yabona yake a gaban mutane, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Sai muka iso ga sukuwa, a nan na tsaya cak. Mai sukuwa a kan sirdi dole ya ɗaga jikinsa ya dogara da likkafa, wato ƙarfen nan da ake zura ƙafa, nauyinsa duka a kan sawunsa. Ni kuwa da zarar doki ya saki jiki ya fara gudu, sai cinyoyina su matse shi da kansu, ƙafafuna su sulale su fita, likkafar ta yi ta lilo tana dukan cikin dokin. Ina sane da abin da ya kamata in yi, amma jikina ba ya jin maganata. Mako ya bi mako, wata ya bi wata, kullum a kwanar farko nake rasa likkafa. Abokan aikina da na cika wa baki suka fara tambayata ko dokin ne bai iya ba.

Ba zan ce Baba bai yi ƙoƙari ba. Ya rage tsawon likkafa, ya ƙara, ya canza mini doki, ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya koma kallona kawai. Yanzu da na manyanta na gane shi ma ya maƙale kamar yadda na maƙale, domin bai taɓa koyar da wanda ya riga ya iya wani irin hawa ba, kuma duk Lahadi sai Alhaji ya tambaye shi ina aka kwana. Wata rana bayan mun sauka ya zaunar da ni a gindin mangwaro ya gaya mini gaskiya. Ya ce abin da cinyata ta koya tun ina yaro ba za ta manta da shi a damina ɗaya ba. Ya ce mu haƙura da gasar bana, mu koma baya, in riƙa tsayuwa a likkafa doki yana tafiya a hankali, kullum, har ƙafata ta yarda da ƙarfen, ko da zai kai mu baɗi. Wallahi ji na yi kamar ya mare ni. Ni da nake sukuwa tun ban san kaina ba, a ce in koma tafiyar 'yan koyo a gaban mutanen da na yi wa dariya?

A cikin wannan ɓacin rai na ji wani a wurin mai shayi yana ba da labari wai a wani gari ɗaure wa mai koyo ƙafa ake yi a likkafa, dole ƙafar ta saba. Ban tambayi wane gari ba, ban tambayi ko ya gani da idonsa ba. Na kai wa Baba maganar, ya ƙi tun kafin in rufe baki. Ya ce mahayi ba ya ɗaure kansa a kan abin da ke da rai, hanyar sauka ita ce rabin hawa. Na roƙa, ya ƙi. Na sake komawa, ya ƙi. Daga nan na faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Na ce masa na gane, ba ya so ne bare irina ya hau dokin Alhaji, ya fi so ya ajiye wa wani nasu. Mutumin nan da yake raba ƙosansa da ni. Ya dube ni, na ga idonsa ya kaɗa. Ranar Lahadin da ta biyo sai ga shi da tsirkiyar fata a aljihu.

Da hannunsa ya ɗaure mini ƙafafun, sako-sako, yadda in na fizga za su kwance. Na ce ya ƙara tamkewa, in ba haka ba mene ne amfanin? Ya tamke. An yi ruwa da safe, jar ƙasar filin tana da santsi. Na saki doki, muka shiga kwanar farko, ƙafafuna suna nan a likkafa, karo na farko ke nan. Ina cikin murna wata tifa da ta kawo yashi wurin gini ta juye kayanta, murfin bayanta ya bugu da ƙara. Dokin ya zabura ya yi gefe, ƙafarsa ta zame. Na ji faɗuwar tana zuwa tun kafin ta zo, jikina ya yi abin da ya saba, na yunƙura in zame in dira, sai na ji an riƙe ni ta ƙasa. Dokin ya faɗo a kan ƙafata ta hagu da dukan nauyinsa. Da ya miƙe a firgice, ɗaurin dama ya tsinke, na hagu ya riƙe, ya ja ni a ƙasa har sai da Baba ya tare shi da ƙirjinsa ya kama linzamin.

Na yi watanni a asibiti, daga nan 'yan'uwa suka kai ni gida wurin mai ɗori. Ƙashi ya haɗu, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasawa ba, ƙafar kuma ta gajarce. Tun ina asibiti Baba yake zuwa, ya zauna a bakin gado da 'yar ledar lemo, ya yi mini sannu. Zuwansa na ƙarshe ya ce mini laifin nasa ne shi kaɗai, domin ɗalibi yana iya roƙon wuta, malami ne bai kamata ya zuba masa a hannu ba. Ya ce ya mayar wa Alhaji aikinsa, ba zai sake ɗora kowa a kan doki ba. Na so in ce masa ni na tura shi, kuma abin da na faɗa game da shi ƙarya ne, na san ƙarya ne tun ina faɗa. Amma zafin ciwo da girman kai suka rufe mini baki, na juya fuskata bango. Da na dawo Kaduna ina dogara sanda na je Tudun Wada nemansa, maƙwabta suka ce ya tattara ya koma garinsu. Bayan 'yan shekaru na ji rasuwarsa.

Ban sake hawa doki ba, ko na sirdi ko namu na gida. Na gwada sau ɗaya da na je gida Kirsimeti, yayana ya riƙe mini ƙuru mai sanyin hali, na kasa ko ɗaga ƙafar, na ce masa a bari sai wani lokaci. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da na koya shi ne, tsayawa wuri ɗaya a koyo ba ƙarshen koyo ba ne. Sau da yawa jiki ne yake neman lokaci, kuma komawa baya ba abin kunya ba ne, ni dai na san da na bi shawarar Baba da gasa ɗaya kawai zan rasa. Ku mahaya matasa, in kun maƙale, kada ku karɓi maganin da kuka tsinta a wurin hira, kada kuma ku soki mai koya muku a inda kuka san ba zai iya jurewa ba don kawai ya yi muku abin da kuke so. Ku kuma masu koyarwa, in kun san abu haɗari ne, ku tsaya a kan a'a ko da ɗalibi zai kira ku da kowane suna. Da Baba ya bar ni da fushina a ranar nan, da na yi mako guda ba na gaishe shi, sannan in dawo da ƙafafuna biyu in ba shi haƙuri.