Shatin Yatsan Wendell

Mai Tocila muke ce wa Norbert Halvorsen a ƙungiyarmu ta masu harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba a garin Duluth, kuma ba don ƙauna muka raɗa masa sunan ba. Duk wata muna taruwa a ɗakin ƙasa na coci, kowa da jirginsa a kwali, a sha kofi, a ci kek, a yi ta yabon juna ko da aikin bai kai ba. Sai Norbert ya shigo. Ba gaisuwa, ba cire hula. Ya zaro 'yar tocilarsa daga aljihu ya bi tebur yana haska cikin jirage, yana neman layin gam ko ƙurar da ta maƙale a fenti. In ya samu, sai ka ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Haƙoran roba ya yi ta ƙerawa har ya yi ritaya, shi ya sa ba ya iya ganin abu bai goge shi ba. Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ko ni da ba na ƙaunarsa ba zan musa ba. Hali ne babu. Matarsa ta taɓa share ƙura a kantarsa ta tsinka wata waya siririya kamar gashi a bayan wani jirgi. Tun daga ranar ya sa wa ɗakin jiragensa kwaɗo. Ba a daɗe ba ta tattara ta koma Arizona wurin 'yarsu, shi kuwa ya mayar da ɗakin kwanansu wurin fesa fenti, yana ta murna wai tagar ta fi shan iska.

Ni ma na sha a hannunsa. Na yi sanyin hunturu guda ina fama da wani jirgin yaƙi, na kawo ina taƙama. Ya haska, ya yi tsaki.

"Duane, da burushi ka shafa wannan koren ko da tsintsiya?"

"Da hannun da zan mare ka da shi," na ce.

"To wanke shi tukuna. Ga maiƙonsa nan a gilashin direba."

Mutum ɗaya ne a duniya yake jure masa, wato Wendell Maki, tsohon direban motar kwashe ƙanƙara. Wendell bai iya fenti ba, kuma bai damu ba. Norbert zai zage aikinsa tas, shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Na ji, likita. Ci kek." Su biyu suke tafiya gasa a mota ɗaya. Yadda Wendell ya yi shekaru bai jefar da shi a hanya ba, Allah kaɗai ya sani.

Da ciwo ya kama Wendell, sai ya fara aikin wani jirgi rawaya mai sauka a kan ruwa, irin wanda ya taɓa kai shi da matarsa Lorna wani tabki a arewa lokacin amarcinsu. Fentin rawaya mai sheƙi ba ya bushewa da wuri, duk mai wannan sana'a ya sani. Amma Wendell ya ƙagu ya nuna mata, ya ɗauki jirgin da fenti ɗanye. Babban yatsansa ya zauna raɗam a kan fiffiken dama. Bai kai ga gyarawa ba ya rasu.

Al'adarmu ce, in ɗan ƙungiya ya mutu ya bar aiki a tebur, wanda ya fi kowa hannu ya ƙarasa a mayar wa iyali. Lorna da kanta ta kawo jirgin, a naɗe cikin tawul. Saura farfela, gilashi da lambobin jiki. Ta nuna mana shatin, ta ɗora nata yatsan a kai, wanda bai ma cike gurbin ba.

"Kullum da safe nan nake taɓawa," ta ce. "Ku ƙarasa mini abin da ya rage, don Allah. Wanda ya riga ya yi kuwa, ku bar shi yadda yake."

A gabanmu duka ta faɗa, Norbert yana tsaye. Na ce a ba wani, ko ni ma zan iya manna farfela. Arlo, shugabanmu, ya ce al'ada al'ada ce, kuma ai Norbert aminin Wendell ne. Norbert ya rungumi tawul ɗin ya fita, ko kallonta bai yi ba.

A taro na gaba Lorna ta zo da ƙanwarta, ta yi ado kamar za ta coci. Norbert ya ajiye kwali a tsakiyar tebur ya buɗe a hankali. Gaskiya ban taɓa ganin rawaya irin wannan ba, sai ƙyalli yake yi a ƙarƙashin fitila. Ya sa igiyoyi, ya sa 'yan kujeru a ciki, har da ƙaramin filafili ɗaure a gefe. Wasu suka fara tafi. Ni fiffiken dama na kalla.

Lorna ta miƙa yatsa ta ɗora a wurin da ta saba. Ta matsa gaba kaɗan, ta dawo baya. Ta juya jirgin ta duba ɗaya fiffiken, ko ta manta ne. Sumul.

"Norbert, ina yake?"

"Na gyara."

"Na ce maka ka bar shi."

"Ke ba ki san aikin nan ba, Lorna. Shatin yatsa a fenti, ai ko sabon shiga kunyarsa yake ji. Aikin ƙarshe na mutum ke nan, kina so kowa ya zo gidanki ya ga haka? Da Wendell ya samu lokaci, da shi da kansa ya goge."

"Kai wane irin mutum ne?" na ce. "An roƙe ka a gaban jama'a!"

"Rufe mana baki, Duane. Kai ko layin gam ba ka iya ɓoyewa ba. Abokina ne, ba zan bari a yi masa dariya ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske yake. Idanunsa sun yi ja, yana jiran a gode masa. Har ya zaro tocilar ya miƙa mata wai ta haska da kanta, ba za ta ga ko alamar wurin ba.

Ba ta karɓa ba. Ta tambaye shi da me ya goge. Ya ce da samfefa mai laushi, yana yi yana jiƙawa da ruwa, kamar yadda ake yi.

"To abin da ka kankare fa? Yana ina?"

Norbert ya dube ta kamar ta tambayi abin da bai da ma'ana. "A bakin famfo na yi. Ya bi ruwa."

Lorna ta ninke tawul ɗinta ta sa a jaka. Ƙanwarta ta kai hannu za ta ɗauki kwalin, Lorna ta riƙe ta.

"Bar masa," ta ce. "Nasa ne."

Suka hau matakala suka fita.

Norbert yana nan har yau, bai fasa zuwa taro ba ko sau ɗaya, kuma har yanzu cewa yake yi matar ba ta da godiya. Kujerun da ke gefensa babu mai zama. Jirgin yana ɗakinsa mai kwaɗo, a cikin akwatin gilashi, inda ba hannun da zai taɓa shi. Lorna kuwa na gamu da ita a kanti kwanan baya, na tambaye ta ko akwai wani jirgin Wendell da take so a gyara mata. Ta ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila, ko za ta samu inda ya ƙara yin irin wannan kuskuren. Ba ta samu ba.