Inda Sandar Baba Take Tsayawa

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da kwana ukun da mutumin meri, wato ofishin magajin gari, ya yi a shagona lokacin boren sojoji. Shekaru sun ja, har na yi jikokin da in na yi musu Hausa sai su amsa mini da Sango, yaren ƙasar nan, amma har gobe in na ji sanda ta bugi bango sai gabana ya faɗi.

A unguwar da ake kira Kilomita Biyar aka haife ni, a wani tsohon gida bayan kasuwa, inda lungu ke shiga cikin lungu. Da muka yi yawa, sai maigidana ya samo fili a sabuwar unguwar da aka yanka wajen Kokoro. Shi direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Kamaru, saboda haka ginin da zaman duk a kaina suke. Muka tare da yarana mata biyu da mahaifina. Baba tsohon ɗan kasuwar atamfa ne, idonsa ya mutu tun ina budurwa. Amma fa makaho ne mai zuciya. Bai taɓa yarda wani ya riƙe masa sanda ba, in ka miƙa hannu ma sai ya ce, "Ido na rasa, ba ƙafa ba."

Sabuwar unguwar da tsarinta ta zo. Meri ta sa an fitar da tituna miƙaƙƙu, an haƙa magudanar ruwa, an jera duwatsun siminti a gefen titi tun daga farkon layi har ƙarshensa. Kwalta dai ba ta taɓa zuwa ba, jar ƙasa ce har yau. Sai kuma doka: daga duwatsun nan zuwa bangon gidanka ka bar mita biyu, hanyar masu tafiya a ƙafa ce, ba taka ba ce. Ni kuwa kullum in na leƙo ƙofar gida in ga filin nan a kwance ba komai a kansa, sai in ji kamar an bar tuwo yana hucewa. A Kilomita Biyar, inda ko tabarma ka shimfiɗa a bakin hanya sai ka yi ciniki!

Baba shi ya fi kowa jin daɗin unguwar. Akwai ƙaramin masallaci a ƙarshen layinmu, a ɓangarenmu na titi. Sau biyar a rana zai fito, ya ɗora bakin sandarsa a kan duwatsun gefen titi, ya bi su har ƙofar masallaci, ya dawo. Na sha ganinsa, amma ban taɓa tambayar kaina yadda yake gane hanya ba. Na ɗauka baiwa ce kawai irin ta makafi.

Ni tela ce. Shekara da shekaru ina ɗinki a tsakar gida, masu kawo kaya suna tsallake tukwane kafin su iso wurina. Da na samu hali, sai na kira magini na ce ya tayar mini da shago a jikin bangon gida, hannun dama da ƙofa, ya cinye filin nan kaf har bakin duwatsun. Magini ya ce, "Hajiya, 'yan meri fa?" Na ce su zo su same ni. Aka gama, na shafa masa shuɗin fenti, na shigar da kekena, na rataye atamfofi. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Ba a yi sati biyu ba Baba ya daina fita. Ya ce gwiwarsa ce ke ciwo. Na sayo man zafi, na dafa saiwoyi, na kawo mai tausa har gida. Zai miƙa ƙafar a murza, ya yi godiya, ya koma ya yi sallarsa a ɗaki. Mutumin da ke cika gida da ba'a ya zama sai ka yi magana uku ya amsa ɗaya. Na ce tsufa ne ya zo gaba ɗaya.

Ana nan sai ga mutumin meri. Wani dattijo ne siriri, Kirista, da tsohuwar kwat duk zafin nan, da igiyar awo a aljihu da gwangwanin jan fenti a hannu. Ya gaishe ni da Sango cikin ladabi, ya auna, ya sake aunawa, ya girgiza kai. Sai kawai ya tsoma buroshi ya zana mini ƙaton gicciye ja a kan shuɗin bangona, alamar rushewa.

Kai! Ranar unguwa ta ji muryata. Ba abin da ban gaya masa ba da Sango, da ta ƙare na koma Hausa, wadda ko ɗigo ba ya ji. Na ce titin da ko kwalta kun kasa sa masa shi ne za ku zo ku nuna mana doka a kansa? Na ɗauko ruwan wanki na watsa kusa da takalminsa, Allah na tuba, da gangan na yi. Ya ja da baya, ya ce, "Mama, ba filinki ba ne, ba nawa ba ne. Na mai wucewa ne." Na ce mai wucewar ya bi ta sama.

Bayan wata guda ya dawo da takardar rushewa, da hantsi. Muna tsaye a ƙofar shago, ina shirin buɗe masa sabon babi, sai muka ji harbi daga wajen tsakiyar gari. Da farko jefi-jefi, can sai ya haɗe. Mutane suka kwararo daga kasuwa a guje, mata da kaya a ka, masu tura amalanke suna watsar da su a titi, ana ihu sojoji sun sake yin bore. Dattijon ya tsaya da takardarsa a hannu yana waige-waige. Unguwarsu tana can ɗaya gefen gari, kuma a irin ranakun nan akan tare hanya a tambayi mutum daga ina ya fito, amsar kuma tana iya zama ajalinsa.

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Na cafko hannun kwat ɗinsa na ce, "Shiga, Papa! Tsayuwar me kake yi?" Na tura shi cikin shagon da ya zo rushewa, na ja ƙofa.

Maigidana yana can bakin iyaka, hanya ta rufe. Baba ne ya yanke magana, ya ce baƙo baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma a shago. Haka muka zauna, ba shiga ba fita. Na tuƙa tuwon rogo da miyar ganye na kai masa, yana ci yana cewa singila, wato na gode, kamar bakinsa zai tsage. Yana cikin damuwar iyalinsa, ko zama ba ya iya yi sosai. Baba ya sa aka kai masa kujera shagon, suka wuni suna hira da Sango, tsofaffi biyu, wannan da carbi wancan da igiyar awo yana naɗewa yana warwarewa. Rabona da jin dariyar Baba har na manta, sai ranar na jiyo ta ta bango.

Ni kuwa da lissafina a zuci, ba zan ɓoye ba. Na ce mutum ya ci tuwona, ya kwana a ɗakina, ai magana ta ƙare. Rana ta uku da safe harbi ya lafa, na kai masa koko, na zauna a bakin ƙofa na ce, "To Papa, ka ga amfanin shagon nan ko? Da babu shi, ina za ka ɓuya? Sai ka goge mini jan fentin nan."

Ya ajiye kofin ya ce, "Mama, kin ceci raina, ba zan manta ba. Amma ba zan goge ba."

Na miƙe tsaye. Na ce ban taɓa ganin butulu irinsa ba, da na sani da na bar shi a titi. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai zo ya rushe. Wa ya san ko ofishin namu ma yana nan? Shagonki ya tsira. Abu ɗaya nake roƙo, in an kira sallar rana ki fito ki tsaya a nan."

Da aka kira azahar na fito, fuskata a murtuke. Titi shiru, sai amalanken da aka yasar. Ga mamakina sai ga Baba ya fito da babbar rigarsa, dattijon yana gefensa. Bai riƙe masa sanda ba, kafaɗarsa kawai ya ba shi ya dafa. Suka sauka titi, suka kewaye shagon, suka hau ta ɗaya gefen. Dattijon ya kama bakin sandar Baba ya ɗora a kan dutsen gefen titi, ya ja da baya.

Jama'a, sai ga Baba yana tafiya! Ba ɗingishi, ba tsayawa, sandar tana bin duwatsun tana ƙara, shi kuma kansa a sama, rigarsa tana kaɗawa, har ya shige masallaci. Mai ciwon gwiwar da na yi wata da watanni ina dafa wa saiwa. Na buɗe baki zan yi magana, dattijon ya ɗaga mini hannu ya ce in jira.

Da aka idar Baba ya fito, ya sake ɗora sandar, ya taho da saurinsa. Yana tahowa, yana tahowa, sai sandar ta bugi bangon shagona, ƙwas. Ya tsaya cak. Ya lalubi hagu, bango. Ya lalubi dama, sandar ta faɗa titi. Ƙofar gidansa taku biyar ce daga inda yake, amma dole sai ya sauka cikin titi kafin ya kai ta. Ya karkata kai yana sauraro. Daidai lokacin wata mota a-kori-kura cike da masu bindiga ta shigo layin a guje, ta wuce dab da duwatsun, ƙurarta ta rufe shi. Bai motsa ba, bai kira kowa ba. Yana nan tsaye da sandarsa a jikin shuɗin bangona, ƙarƙashin jan gicciyen nan.

Na ƙarasa wurinsa. Na ce, "Baba, gwiwar fa?"

Ya ce, "Gwiwa lafiyarta ƙalau, 'yar nan. Hanya ce ta ƙare."

Daga baya dattijon ya gaya mini abin da Baba ya faɗa masa a hirarsu. Satin da aka gama shago, ya gwada kewayewa ta titi, mai amalanke ya banke shi ya faɗa magudanar ruwa. Wani mai wucewa ya tsamo shi, Baba ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ya shigo gida ya wanke rigarsa da kansa. Ya ce ya ji yadda nake waƙa ranar da na shigar da keke, ba zai zama shi ne zai ɓata mini ba. Kara ya yi mini. Ya zaɓi ya kulle kansa a ɗaki da ya ce wa 'yarsa ta tare masa hanya, kuma ya zaɓi hakan da a ja shi da sanda. Baƙon da ba addininsu ɗaya ba ya ji wannan a kwana biyu, ni da nake kai masa abinci kullum ban ji ba. Na yi kuka ranar, kukan kunya.

Washegari hanya ta ɗan buɗe, dattijon ya yi sallama. Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka da Hausa, shi kuma yana amsawa da amin. Ya bar gwangwanin fentinsa a shagon. Ban sake ganinsa ba, ban san ko ya iske iyalinsa lafiya ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Gaskiyarsa, ba wanda ya zo rushewa. Gari ya shiga abin da ya fi shagona. Maƙwabta suka ce, "Kin ci bulus, Hajiya." Ni da kaina na kira maginin nan, na ce ya zo da guduma. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce ya fara ta inda jan fentin yake. Ina tsaye aka sauke shi bulo bayan bulo, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini ciwo. Na mayar da keke zaure, na share wurin tas, na cike ramukan da hannuna don kada sanda ta maƙale.

Da la'asar Baba ya fito. Ya ɗora sandarsa a kan dutse tun daga ƙofar gida, ya taka, ya wuce inda bangon yake dā. Sai da ya yi nisa ya ɗaga murya ba tare da ya juyo ba, ya ce, "A ajiye mini man zafin nan, ko gwiwar maigidanki za ta buƙata!" Ya yi shekara huɗu yana bin hanyar nan shi kaɗai, sau biyar a rana, kuma ta nan aka bi da makararsa.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Filin da ka gani a bakin titi ba kowa a kansa, akwai mai shi, ba ka dai tsaya ka ga wucewarsa ba ne. Kuma in tsohonka ya ce maka ba komai, kada ka tsaya a bakinsa, ka fita ka duba inda sandarsa take tsayawa. Ta Babana ta tsaya a jikin bangon da na gina da hannuna.