Kan Ragon Inna

A shekarar da ciwon shanu ya share garkunan ƙasarmu, har ungulaye suka ƙoshi suka daina tashi in mutum ya matso, Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Ina da shekara tara ko goma, a gidanmu na Tambuwal da ke jingine da ganuwa. Shanun da mahaifina ya ba Fulani kiwo, igiyoyinsu kawai aka dawo masa da su. Duk da haka ya yi layya da wani ramammen rago. Ina ganin yinin nan har yau: an tsire ragon a sanduna tare da na maƙwabta an kewaye wuta da su, kitse yana ɗiga cikin toka, maza suna ta ɗaga kai suna duban hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

Washegari aka sauke nama aka raba, kowa ya ci ban da kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Inna. Ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta tsotsi tsoka guda ta miƙo mini, ta nuna saman murhu da haɓa ta ce, "Ku ci naku, nawa shina can shina jirana." Kan ragon take nufi. A garinmu ana babbake kai da ƙafafu, a shafa gishiri, a rataye cikin hayaƙi har wata guda, sai ranar goma ga watan sabuwar shekara, ranar Cika-ciki, a sauke. Tun hantsi ake ɗora shi da daddawa da kimba, ya yini yana dahuwa har nama ya saki ƙashi da kansa, a ci bayan an sha ruwa, kowa ya ƙoshi, a aika wa maƙwabta. Wannan ne kaɗai naman da Inna take iya ci a shekara.

Ni aka ɗora wa tsaronsa, kuma tsaron kai da damina aiki ne. In hayaƙi ya yanke yini guda, ƙuda ya sauka, tsutsa ta shiga. Itace duk a jiƙe yake, sai na ɓoye busassun karare a ƙarƙashin gadon Inna ina fito da su kaɗan-kaɗan. In na kai wa Baba fura gona, inda suke maimai, da gudu nake dawowa ba na tsayawa tsinkar tafasa da sauran yara. Ƙawayena suna gaɗa a ƙofar gida, ni ina durƙushe ina hura wuta, idanuna suna zubar da ruwa, zanena yana warin ƙauri har suka sa mini suna Ta-hayaƙi. Inna kuwa tana zaune bakin ƙofa da tasbaharta, kullum sai ta ƙirga mini kwanakin da suka rage, ta yi mini alkawarin harshe, ita ta ɗauki kumatu da ƙwaƙwalwa.

Saura kwana biyu Baffa Umaru, autan Inna, ya dawo daga Sakkwato bayan shekara huɗu yana karatu. An share gida, an yi masa shimfiɗa, aka dama masa sauran geron da ake tattali. Da ya shigo gaishe da uwarsa ya ga abin da ke rataye, ya tambaya aka gaya masa, sai fuskarsa ta canja. Ya ce ya karanta da idonsa cewa an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, ya ce ranar Ashura ta azumi ce, mu mun mayar da ita ranar tumbi. Bai tambayi na wane ne ba. Ya miƙa hannu ya tsinke igiyar, ya ce sadaka za a yi da shi yanzu. Na riƙe gefen rigarsa ina kuka ina cewa na Inna ne, ya fizge. Babana yana tsaye, shi da bai wuce izu biyar ba, ya sunkuyar da kai. Na juya wurin Inna ina jiran ta yi magana, sai ta ce a hankali, "Dije, sake shi. Shi ad da karatu."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda ya kai shi. Zangon fatake ya nufa, ya miƙa wa mutanen da jakunansu ke ɗauke da goro da kanwa, masu kilishi a cikin burgamensu na fata. Ranar Cika-ciki Inna ta yi azuminta kamar yadda ta saba tun kafin a haife shi, ta sha ruwa da kunun dusa da dafaffiyar rama. Maƙwabta sun aiko da romo, amma shekarar ta matse kowa, ruwa ne da ƙashi. Ta tura mini ƙwaryar ta ce ita ta ƙoshi. Da sanyin shekarar nan Allah ya karɓi ranta, ba ta ga wata layya ba.

Na yi aure a Kebbe, na haifi 'ya'ya, ina zuwa ɗaukar karatu wurin wata dattijuwar malama. Wata rana muna babin layya, ta bayyana mana cewa lalle an taɓa yin hanin nan na ajiye nama, saboda wasu mayunwata da suka sauka Madina a shekarar wahala, daga baya kuma aka ɗage shi aka ce a ci a ajiye. Ashe rabin magana Baffa ya ɗauko daga Sakkwato. Ko rabin ma don mai yunwa aka yi shi, ga mai yunwar zaune a gabansa, wadda ta goya shi. Na koma gida na ɗauki alƙalami na rubuta masa hukuncin yadda na ji shi, ba gaisuwa ba addu'a, a ƙasa na sa: kan nan na Inna ne. Na san 'ya ba ta yi wa baffanta haka. Na ba wani mai zuwa kasuwar Tambuwal. Amsa ba ta zo ba, ni ma ban sake taka ƙofarsa ba.

Sai bayan shekaru masu yawa, Turawa sun daɗe da zuwa, ni kaina na yi jikoki, ranar tara ga watan sabuwar shekara aka ce ina da baƙo a zaure. Na tarar da Baffa Umaru, ya tsufa, ya sauko daga jaki, idanunsa jajur, rigarsa tana warin da na sani. Ya kwance kwando ya fito da kan rago, baƙi ƙirin, ba tsutsa ko ɗaya. Ya ce shi ya tsare shi da hannunsa wata guda, bai bar kowa ya hura wutar ba. Da ya buɗe baki na ga dasashi ne zalla.

"Takardarki tana nan wurina," ya ce. "Na karanta ta tun ran da ta zo. Amma sai da haƙorana sunka zube na gane ta."

Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Washegari na ɗora tukunya tun hantsi. Da aka sha ruwa na zuba wa tsofaffin unguwa uku marasa haƙori da niyyar ladan ya kai ga Inna, na ɗauki harshe, na ajiye masa kumatu da ƙwaƙwalwa. Ya ci yana hawaye.

Yanzu gidaje da yawa sun daina rataye kai, wasu don ƙyuya, wasu don an ce musu ƙauyanci ne, tsofaffi kuma suna nan zaune a bakin ƙofa kamar da. A gidana ana ratayewa, kuma duk yarinyar da na ɗora wa tsaro, kafin ta hura wutar farko nakan gaya mata na wane ne.