Malam Garba Killace da Kwamfutarsa Mai Ɗakuna

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Malam Garba filash ya san abin da ke biyo baya. Zai karɓe ta da yatsu biyu, kamar ya ciro kaska daga kunnen saniya, ya ɗaga ta sama ya ƙare mata kallo, ya ce, "Daga wane garke ta fito?" Kafin ka buɗe baki ya yanke hukunci: "A killace ta!" Har yaran unguwarmu nan Ƙaura ba su san shi da wani suna ba sai Malam Killace.

Ni kam na fi kowa shan wahalarsa. Taubashina ne, ni ɗan ƙanwar mahaifinsa, don haka "bawana" yake ce mini har gaban surukaina. Ga shi ina da shagon gyaran waya da kwamfuta cikin kasuwa. Shi kuwa malamin dabbobi ne, ya tsufa yana yi wa shanu allura a rugagen Zurmi da Birnin Tsaba har Badarawa, kuma sunan kowane makiyayi da yawan shanunsa da inda suke kwana duk suna cikin wata tsohuwar kwamfutar hannu da ya ƙi rabuwa da ita.

Wata rana ya shigo shago yana washe baki. Wai ya samo wata manhaja da ke raba kwamfuta ɗaki-ɗaki: ɗakin intanet daban, ɗakin sunayen makiyaya daban, ɗakin baƙi daban, babu mai leƙa wani. In cuta ta shiga ɗaki guda, sai a rushe shi a gina sabo.

Na ce, "Yallaɓai, wanga abu ba ya jituwa da kowace kwamfuta. Ka bar wadda kowa ke aiki da ita mana."

Ya ce, "Bawana, kowa kuma shi ke kawo maka gyara kullum. Sa mini!"

Na sa. Wallahi sai da muka kwana uku muna fama kafin ta yarda ta tashi. Da ta tashi kuma, ga sabon ciwo: muddin aka rufe murfinta ta yi barci, in an buɗe sai waifai ya ɗauke ɗif, sai an kashe ta gaba ɗaya an sake tayarwa, ita kuwa tayarwarta ta fi dahuwar wake daɗewa. Na ce ya ba ni kwana biyu in bincika. Ya ce ba sai na wahala ba, ya samo magani.

Mene ne maganin? Ya daina rufe ta! Haka ya hau bayan ɗan acaɓa ran kasuwar Zurmi, kwamfuta buɗe bisa cinya, ya rungume ta da hannu biyu kamar mai tallar tsire. Ɗan acaɓan ya ce, "Baba, ka rufe ta mana, iska na ja mu baya." Ya ce, "Yaro, in ta yi barci kai za ka tashe ta? Ja mu je!"

Daga baya na gano direban waifai ɗin ne ba ya farkawa, wato 'yar manhajar da ke tuƙa na'urar. Layi guda kawai za a rubuta, a ce wa kwamfutar ta sauke shi kafin barci ta ɗauko shi bayan ta farka. Na kai hannu zan rubuta, ya riƙe mini wuyan hannu.

"Tsaya. Wanga direba, wa ya san iyayensa?"

Sai da na fassara masa layin harafi-harafi, ya kwafe a littafin allurar shanu, sannan ya buga da kansa da yatsa guda.

Amma babu kamar ranar kibod. Harafin "a" na kwamfutar ya mutu. Ku duba fa, mutum na rubutu da Hausa, a ce ba "a"! Na ce ya kawo in canza, ya ce kibod mai harafi sama da ashirin lafiya lau ba a yar da shi don guda ɗaya. Ya aro na waje mai igiya ya jona. Shi ke nan sai tsautsayi ya sa ya karanta wani wuri cewa ta ramukan jona filash ake shigo wa mutum da cuta, ya tattara ramukan kaf ya tura su ɗakin killacewa, ya kashe kwamfuta ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tayar, ta ce ya sa kalmar sirri. Kibod na waje yana killace, ba a sauraronsa. Na cikin ba shi da "a". Kalmar sirrin kuwa "a" huɗu ne cikinta.

Gobe da safe kuma ranar allura a Badarawa, Arɗo ya riga ya tara shanu, jerin waɗanda aka yi wa da waɗanda suka rage kuwa yana cikin kwamfutar.

Ya iso shago yana zufa. Na ce, "Yau dai ubangida ya zo hannun bawa. Sai ka ce 'don Allah'." Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya faɗe ta ciki-ciki kamar mai haɗiyar maɗaci. Na ciro kibod daga wata matacciyar kwamfuta irin tasa na dasa, ta buɗe. Na zaci zai ji kunya. Ina! Sai ya juya ga masu jiran gyara yana buga ƙirji: "Kun gani? Ni mai ita ma ta hana ni shiga. To ɓarawo fa?"

Ranar sunan jikarsa kuma, 'yarsa da ke aure Kano ta kira ta bidiyo don ya gaisa da surukai. Ita wannan manhaja sai ka ba ɗaki aron kamara da makirfo da hannunka. Ya ba da kamara, ya manta makirfo. Ya gyara hula ya shiga jawabi, addu'a da nasiha da tarihin dangi, mutanen Kano na ta ɗaga hannu suna nuna kunne, shi ko ya ɗauka amin suke cewa. Na miƙe zan gyara, matarsa Hajiya Rabi ta jawo rigata. "Bar shi, Malam Sule. Shekara talatin ina neman inda ake kashe masa murya, ashe yana cikin kwamfuta."

Mun yi ta yi masa dariya, har ranar da wani baƙo mai tsabtar kaya ya same shi a shagona. Ya ce daga wata ƙungiya yake mai raba maganin shanu kyauta, yana son jerin makiyaya, ga filash da takardar cikewa a ciki. Malam Garba ya jona ta ɗakin baƙi, inda babu komai. Ina kallo wani abu ya tashi da kansa yana laluben fayil, ya rasa ko guda. Ya rushe ɗakin, ya miƙa wa mutumin filash ɗinsa, ya ce, "In magani ne, kawo shi ofis, ni zan kai." Ba mu sake ganin mutumin ba.

Bayan ya fita na ce, "Kai, ashe dai!" Bai yi mini gori ba, abin da ban taɓa gani ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sule, wanda ya san shanu nawa mutum ke da su da inda suke kwana, ya san ƙofar da zai bi. Amana suka ba ni." Ran nan ne kawai ya kira ni da sunana.

Da ya rasu, ran addu'ar uku, sai ga makiyaya daga rugage sun cika ƙofar gida, wasu tun asuba suke tafe a ƙasa. Wani tsohon Arɗo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Ya san dukiyarmu fiye da 'ya'yanmu, kuma ba mu taɓa jin labarinta a bakin kowa ba."

Allah Ya jiƙan Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa. Mu da ya bari, Allah Ya kyauta namu ƙarshe. Amin.