Fannami da Jita Mai Ƙaho

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyar ga watan Maris na 1977, ana cikin kwanakin ƙarshe na watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran Fannami Mala, makaɗin jita na garin Haɗeja, bayan gajeriyar jinyar sanƙarau. Ya bar mahaifiyarsa Hajja Mairam, da matarsa Huseina, da 'yarsu 'Yar'azumi. Ni Hamman Tela, abokinsa tun ƙuruciya, nake wannan rubutu.

Fannami, ina kan keken ɗinki labarin ya same ni. Ɗahiru direba, maƙwabcinka, shi ya tsaya a bakin shago da hantsi, ko sallama bai yi ba, ya ce mini ka cika. Na ce masa to. Hannun wata riga nake haɗawa, na ƙarasa shi, na yanke zare, na ninke rigar, sannan na nemi takalmina. Har yau hawaye bai zo mini ba. Mutane suna zuwa yi mini gaisuwa don sun san yadda muke, ina amsawa, ina cewa sai haƙuri, kamar a madadin wani nake amsawa. Ina cin abinci, ina barci. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kanka, tun da bakina ya kasa faɗar komai.

A Guri muka tashi. Mahaifinka fataucin banda yake yi, nawa kuma yana da 'yan shanu a bayan gari. Kai Babarbare, ni Bafulatani, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Tun muna yara kake ɗaura tsirkiya a jikin gwangwani kana kaɗawa, manya suna korar ka daga zaure. Da aka soma yaƙin basasa ka shiga soja, ni kuma na taho Haɗeja koyon ɗinki. A can ka zauna da masu kiɗan barikin, suka koya maka jita. Da aka gama yaƙi ka same ni a nan, babu abin da ka zo da shi sai akwatin ƙarfe da jitarka ta farko.

Wanda ya san Haɗeja a shekarun nan ya san ta. Ƙatuwa ce, mai faɗin ciki, cikinta rami ne kamar na ƙwarya, launinta na zuma, tana da ƙugu irin na gora. Idan ka zauna sai ƙugun nan ya hau cinyarka ya zauna daram, kai kuma ka rungume ta daga sama da hannun dama, kamar mai riƙe da tulu. Kana jona ta da lasifika, ka jona lasifikar da batirin mota, don ba ko'ina ake da wuta ba. Ni nake ɗaukar maka batirin a bayan kekena, in kuma buga maka ganga idan mai ganga bai zo ba. Waƙoƙin masunta da na manoman fadama ka riƙa ɗorawa a kan wayoyinta, har tsofaffin da suka fara cewa kiɗan Nasara ne suka dawo suna aiko da jikokinsu su tambaya ina za ka yi wasa.

Shekarar fari, da kogi ya ƙi fitowa, shinkafa ta ƙone a fadama, masunta suka rataye taru, na ga halinka. An yi ta ɗaura aure babu tuwo, babu ko goro isasshe. Makaɗa da yawa sun bar gari. Kai kuwa duk wanda ya kira ka sai ka je. Akwai bikin da muka yi a wani ƙauye kusa da Miga, uban amarya ya rasa abin da zai ba mu, ya fito da ludayin fura yana jin kunya. Ka karɓa da hannu biyu, ka sha, ka ce masa rabonka da fura mai daɗin wannan tun kafin ka shiga soja. Furar ruwa ce zalla, ni ma na sha. A hanyar dawowa na tsokane ka, ka ce in yi shiru, Bafulatani bai san fura ba sai nono.

Haka kuma da Talatu, uwar 'ya'yana, ta rasu. Kullum bayan azahar sai ka zo shagona ka zauna a kan benci. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka ce in yi haƙuri ba. Zare kake naɗe mini, ko ka tsince maɓallai daga cikin gwangwani, har la'asar ta yi mu tafi masallaci. Haka ka yi ta yi har na soma magana da mutane.

A damina ta 1974 motar da ta ɗauko ka daga kasuwar Kafin Hausa ta zame a laka ta kife. Jitar tana kan cinyarka, ta farfashe kamar ƙwarya, kafaɗarka ta dama kuma ta karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya ƙi ɗaguwa. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu lafiya lau, kafaɗar ce ta kafe, ba ta rabuwa da haƙarƙari sai kaɗan. Da ka warke ka je Kano wurin wani tsohon abokinka na soja mai wasa a Sabon Gari, ka gwada jita irin taka. Hannun ya kasa tsallake faɗin cikinta ya kai ga wayoyi. Shi ne ya ɗauko maka wata daga cikin nasa, ya ce ka tafi da ita, wannan ba ta da ciki.

Ranar da ka dawo, a shagona ka fara sauke ta. Ja ce wur, siririya, falle ɗaya kamar allo, katako ne cur babu rami, ga nauyi, ga ƙaho biyu sun fito ta wajen wuya, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ka jingina ta da teburina ka ce, "Bafulatani, ga saniyarku an ba ni kiwo." Muka yi dariya, amma na ga fuskarka ba ta kai ƙarshen dariyar ba.

Hannun dama ya kai ga wayoyi, wannan kam an samu. Sauran jikinka ne ya ƙi ta. In ka ɗora ta a cinya sai ta zame, don ƙugunta ba a inda na waccan yake ba. Wuyanta ya fi miƙewa waje, saboda haka hannun hagu, wanda ya yi shekaru yana zuwa wurinsa ko da idonka a rufe, sai ya riƙa sauka a gefe. In ka rataya ta, siririn maratayinta ya yanke maka wuya, ita kuma ta sauka har mara, kafaɗar ta ɗauki zogi. Abin da ya fi damun ka shi ne shirunta. Ka ce mini waccan tana gurnani a jikin cikinka, kana jin kiɗa da haƙarƙari kafin ya kai kunne. Wannan kuwa in ba a jona ta ba kurma ce, in an jona ta kuma muryarta daga can cikin lasifika take fitowa, kamar wani ne yake kaɗawa a gefe kai kana kwaikwayo.

Duk da haka ka karɓi wani biki a Miga da kaka. Ina wurin. Ka ɗauko waƙar masunta da kowa ya sani, yatsunka suka sauka inda ba nan ba, lasifika ta fitar da kuskuren da ƙarfi har ƙarshen layi. Ka sake ɗaukowa, jitar ta zame, ka tare ta da gwiwa. 'Yan mata suka tsaya da tafi, wata ta yi dariya, sauran suka ɗauka. Wani dattijo ya ce a bar bawan Allah ya huta, hannun ya riga ya tafi. Da tausayi ya faɗa, kuma na san maganarsa ta fi dariyar yi maka ciwo. Ka cire waya, ka naɗe ta a hankali, ka ba masu biki haƙuri. Muka kama hanyar Haɗeja.

Ka tura ta ƙarƙashin gado, ka koma gonar shinkafa kana noma da hannu ɗaya da rabi. Ko an kunna rediyo ana kiɗa sai ka tashi ka fita.

Huseina ce ta warware abin. Wata rana ta aiko mini da jitar naɗe a zane ta hannun Ɗahiru direba, tare da saƙo. Ta ce ita ba ta san kiɗa ba, amma ta san goyo. Yaron da aka goya da siririn majanyi, aka bar shi yana reto a ƙugu, uwa ba ta jin daɗi, shi ma ba ya ji. Ta ce in ɗinka maka maratayi mai faɗi, in cusa auduga, in gajarta shi yadda jitar za ta hau ƙirji. Na samo saƙi mai ƙarfi na ɗinka, na kai maka da kaina. Ka juya shi, ka ce ɗinkin Fulani ne, ba zai yi ƙarko ba. Amma ka rataya.

Daga nan ka soma wani abu da ya sa wasu suka ce motar ta taɓa maka kai. Da ka idar da sallar asuba sai ka rataya jitar, ba waya, ba lasifika, ka wuni da ita a jikinka. Da ita kake shan koko, da ita kake zama a bencina, da ita kake sauka bakin kogi inda masunta ke gyaran taru. Sau da yawa ko wayoyin ba ka taɓawa. Salla kawai ke raba ku. Na tambaye ka amfanin wannan wahala, ka ce, "Yatsu ba su da laifi, Hamman, sun san aikinsu. Jiki ne bai san ta ba. Sai ya daina jin ta baƙuwa."

Rani ya wuce a haka, bazara ta wuce. Jan fentin ya koɗe a inda damtsenka ke kwanciya. Ƙahon sama, wanda da yake tokarin ka a ƙirji, ka gano inda za ka karkata ya shige ƙarƙashin ƙashi. Ka daina zama a tabarma, ka koma kan turmi kife, don a nan take tsayawa. Wata la'asar a farkon damina muna bakin kogi, ruwa ya soma tahowa, kana hira da wani masunci a kan tsadar gishiri, na lura yatsunka suna tafiya a kan wayoyi, idonka kuwa yana kan mutumin. Waƙar nan ce ta Miga, a hankali, da ƙyar ake ji, daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Sai da ka gama ka dubi ƙirjinka. Ka ce, "Ta zauna." Ka ci gaba da maganar gishiri.

Ka koma wasa. Kiɗanka ya sauya, wannan gaskiya ce. Da kafaɗa kake kaɗa waccan, wannan kuwa da wuyan hannu kawai, don haka ka rage gudu, ka riƙa barin waya ɗaya ta yi kuka ta gama kafin ka taɓa wata. Akwai masu cewa na da ya fi armashi, akwai masu cewa sai yanzu ka iya. Ba ka yi musu da kowa ba. Ban kuma taɓa jin ka ce kana son jitar nan ba. Da na tambaye ka, cewa ka yi kun dai saba. Da ita ka ciyar da gidanka har ƙarshe. Ka sake zuwa Miga bara, dattijon nan yana nan da ransa, kai ka fara zuwa ka durƙusa ka gaishe shi.

Ciwon da ya ɗauke ka bai ba mu lokaci ba. Zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, aka kai ka asibiti. Na je duba ka, ba ka gane ni ba. Na kira ka bawana, ba ka rama ba.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. Da muka kware zane na ga fata ta yi kanta a kafaɗarka ta hagu, baƙa, daidai faɗin maratayin da na ɗinka, da wata 'yar ƙarama a ƙirji inda ƙahon ke zama. Na zuba ruwa a kai, na wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Mairam, wadda ta ga abin da uwa ba ta fatan gani, Allah Ya ba ta juriya. Ga Huseina, wadda ta tsaya maka lokacin da mu maza muka rasa dabara, Allah Ya saka mata da alheri, Ya sa ta fita takaba lafiya. Ga 'Yar'azumi, Allah Ya raya ta, Ya albarkace ta, ƙofar gidana kuma a buɗe take gare ta kamar ta ubanta. Haka nan ga 'yan'uwa na Guri, da masuntan bakin kogi, da duk wanda ka taɓa faranta wa rai a ranar bikinsa.

Ni na shiga kabari na karɓe ka. Da aka miƙo ka, muka juya ka ɓangaren dama ka fuskanci alƙibla, sai na tuna Huseina ta taɓa gaya mini cewa tun haɗarin nan ba ka iya kwanciya a kan wannan kafaɗa. Na tsaya da kai a hannuna, har liman ya ce, "Malam Hamman, sauke shi mana." Na share ƙasar wurin da tafin hannu, na cire wata tsakuwa, na kwantar da kai a hankali.

Allah Ya jiƙan ka, Fannami. Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi, Ya tausasa maka ƙasar da ke ƙarƙashin kafaɗar nan, Ya sa kwanciyar ta zame maka hutu har ranar tashi. Amin.