Telan da Ya Ƙi Sayen Riga

An ɗauke wuta, keken ɗinki ya tsaya, ni kuma ina kan benci ina jiran a rage min tsawon wando. Telan dattijo ne mai furfura a gemu, allura a soke a gaban rigarsa. Ya duƙufa kan waya, yatsunsa sai danne-danne suke. Wasan yaƙi ne da ake haɗuwa ta intanet.

Ina leƙawa. Kowa a ciki ya sha sulke mai walƙiya, sojansa kaɗai ke yawo da ’yar singileti.

“Masu kamfanin wasan nan ba su da kunya,” yake ce min. “A da gwaninta ce, yanzu wanda ya biya shi ne jarumi.”

Wata murya ta fito daga wayar, da alama ƙaninsa ne a can nesa: “Yaya, bari in saya maka sulken mana.”

“Kul! Ina tela, in sayi rigar da ba ɗinki? Kai dai tsare min baya.”

Ina jin don muryar nan ce bai goge wasan ba. Ga wuta ta dawo, ko waiwaye bai yi ba. Ni ma ban tuna masa ba.