Mutumin Kujerar Baya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan Yuli, aka bugo mini waya cewa Allah ya yi maka rasuwa, Malam. Ina bakin aiki a ɗakin haihuwa, na zube kan benci, ko safar hannu na kasa cirewa.

Kai ne jami'in horarwa na asibitinmu, amma "Na Baya" kowa ke ce maka. Duk wanda zai yi jawabi da majigi, sai ka koma kujerar ƙarshe ta ɗakin taro ka zauna. Abin da bai karantu daga can ba, to, sai an sake shi. Kakan ce, "Na baya ma ai taron ya zo."

Da kwamitin gudanarwa ya ce zai rufe ɗakin haihuwarmu, mata su riƙa zuwa babban asibiti can nesa, ni ungozoma aka ɗora wa kare shi. Na cika shafukan majigi da rubutu kamar tururuwa, haruffa na shigowa suna juyi. Ka hango daga baya ka ce, "Ƙanwata, jawabi za ki yi ko gwajin ido?" Wallahi na ji haushi! Kai ko a jikinka. Ka jawo kujera muka yi ta gogewa: kowane shafi magana ɗaya. Ka bar mini taswirar hanyar da mai naƙuda za ta bi, da hoton gadar da ruwa ke shanyewa. Ka ce idan hoton ya fito, in fuskanci mutane in yi shiru.

Ranar taron, da hoton ya fito, na yi shirun. Shugaban kwamiti ya daɗe yana kallon allo, can ya ce, "To, da damina ta ina za su bi?" Ba a rufe ɗakin ba.

Ranar da aka kai ka makwanci ruwa ya shanye gadar nan, masu naƙuda suka cika mana ɗaki, duk suka sauka lafiya. Shi ya hana ni zuwa gaisuwa sai washegari. Na gode, Malam, na gode.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ladan kowace haihuwa a ɗakin nan ya kai gare ka. Matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya zame musu gata. Amin.